Ranar da Inna ta dawo da tulu a kafaɗa

Inna a ka take ɗaukar tulu. Duk ranar da ta dawo daga rafi da shi a kafaɗa, irin ɗaukar matan Gwari da ta yi maraici a cikinsu, mun san ba ita ce ta dawo ba, Ladi ce, sunan da take amsawa ke nan a irin ranakun.

Ina da shekara bakwai lokacin, a ƙauyenmu kusa da Zuba, tun ba a yi zancen babban birni ba. Da la'asar ta sauke tulun, ta dube ni, ta ce da muryar ƙaramar yarinya, "Kai ɗan wane gida ne?"

Tsakar gida ta kaure da gardama. Baba ya ce iska ce, a kira malam. Kawu, wanda ya taɓa aikin shara a asibiti, ya ce ciwo ne, wuyar da ta sha tana ƙarama ce ta raba ta biyu. Gwaggo ta taɓe baki ta ce, "Ƙarya take, daka take gudu."

Ni kuka nake, uwata ba ta san ni ba. Kaka ta kama hannuna ta ce, "Share hawaye ka gaishe ta. Ko wace ce, a gidanku take."

Na durƙusa na gaishe ta. Ta tono doya daga toka, ta ɓare, ta hura, ta miƙo mini babban rabin. Haka Inna take yi kullum.

Masu gardamar duk sun rasu, ba wanda ya janye maganarsa. Ban yi karatu ba, ban san mai gaskiya a cikinsu ba. Ni dai na ci doyar.