Sa Hannu Babu Tsuntsu

Pan Teofil, wato Malam Teofil, ya goge hannuwansa sau biyu kafin ya buɗe kundin hotunan. Duk masu tara irin waɗannan kaya a birnin Łódź sun san shi: tsohon ma'aikacin gwamnati, ba mata ba 'ya'ya, sai hotunan marubuta da masu zane, kowanne da sa hannun mai shi. Ka zage shi ya yi murmushi. Amma ka ce kayansa jabu ne, ranar za ka ga tashin hankali.

Pani Sabina kuwa, wato Malama Sabina, ba sha'awar hotuna ce ta kawo ta ba. Shekara arba'in ke nan da mijinta Leon Kalota, mai zane, ya fita sayen fenti bai dawo ba. Bayan mako guda wasu 'yan sandan ciki biyu masu dogayen riguna suka zo suka ce mata ya tsallake iyaka da wata 'yar rawa, suna Paris. Maƙwabta suka samu abin taunawa. Don baƙin ciki ta cusa hotunansa duka a murhu, kuma ko sau ɗaya ba ta kunna masa kyandir a ranar tunawa da matattu ba. Yanzu likita ya ce da wuya ta ga narkewar ƙanƙarar wannan hunturu. Abu ɗaya take so ta sani kafin ta tafi: da gaske gudu ya yi ya bar ta?

Pan Teofil ya zaunar da ita a kujerar katako, ya juya fitilar tebur ta haske mata fuska. Sai ya ankara, ya ba ta haƙuri, ya karkatar da fitilar kan kundin. Ya kawo mata shayi a kofin gilashi. Shi bai zauna ba, a bayanta ya tsaya.

Ta fara buɗe shafuka. Bango iri ɗaya ne a bayan kowa, kuma babu mai murmushi. Sa hannun ma ba a jikin hoton yake ba, siririyar takarda ce aka yanko aka manna a ƙasa.

"Halin masu fasaha sai su, Pani," in ji shi yana dariya. "Wannan, ba shi taba ɗaya ya yi ta zuba kamar famfo. Wancan kuwa taurin kai, sai ya kwana uku ba barci bai ce uffan ba."

A shafi na talatin da ɗaya ta ga Leon. Ya rame, gemu ya fito masa, yana sanye da rigar sanyin da ta saƙa masa da hannunta. Kwanan watan da ke gefen sunansa ya nuna tara ga Disamba, 1951, mako uku bayan an ce mata yana Paris. Ta ajiye kofin.

Sai dai rubutun a karkace yake, kamar na ɗan koyo. Kuma babu ɗan tsuntsun nan da Leon ke zanawa a ƙarshen sunansa, wanda ko a takardar aurensu sai da ya zana shi. Zuciyarta ta sake karaya. Ashe nan ma ba za ta samu gaskiya ba.

Ta rufe kundin a hankali.

"An cuce ka, Pan Teofil. Hoton nasa ne, amma wannan ba hannun mijina ba ne. Jabu aka sayar maka."

Wuyan tsohon ya yi jawur. Ya zagayo gabanta, ya buga tebur har shayin ya zube.

"Jabu? A kundina? Haba Pani! A gabana ya sa hannu, ni na miƙa masa alƙalamin. Da hagu ya rubuta, don na daman mun riga mun karya shi."