Cibiya a Ƙarƙashin Randa

Tun da aka kafa dokar da ta hana a tashi mutum daga gidan da aka binne cibiyarsa, masu gidajen haya suka malale ko'ina da siminti, har gindin bishiya. Barira ta san da haka. Shi ya sa da cibiyar jaririnta ta faɗi, ta fasa daɓen da ke ƙarƙashin randa, ta binne ta, ta mayar da randar.

Ranar suna mai gidan, Alhaji Mamuda, ya zo barka da turmin atamfa. Yana gaisawa da mutane yana ƙwanƙwasa ƙasa da sandarsa, yadda masu gida suka koma yi. A gindin randa sautin ya canza.

"Barira, me aka sa wa yaron?"

"Nuhu, Alhaji."

"Allah ya raya Nuhu. Shi kam ya zauna, ba mai taɓa shi." Ya gyara hularsa. "Ke da malam fa, ina aka binne taku?"

"A ƙauye."

"To, zuwa ƙarshen wata ke nan."

Ta dubi Nuhu yana barci a kan tabarma, shi kaɗai mai ɗakin.