Babban Yatsan Dama

Da hantsi aka shigo da yatsan a cikin kular ƙanƙara. Babban yatsan hannun dama ne, injin yankan katako ya fille shi daga tushe. Wanda ya naɗe shi ya san aiki: jiƙaƙƙen bandeji, sannan leda, sannan ƙanƙara, sanyin bai taɓa fatar kai tsaye ba. Shekara shida Auta tana asibitin nan, ba ta taɓa ganin yatsa ya zo a kimtse haka ba.

Auta likita ce mai ɗinke jijiyoyin jini, waɗanda ba su fi silin gashi kauri ba. Malam ne ya laƙaba mata sunan, don ita ce ta ƙarshe a cikin waɗanda ya horar. Duk yatsan da aka taɓa mayarwa a ɗakin tiyatar nan, shi ya riƙe allura, ita tana gefe tana miƙa kaya tana shan faɗa. Yau ya ce ita za ta yi.

A bakin ɗakin tiyata matar mai hannun ta kamo rigarta. "Auta, 'yata, mutumin nan ba shi da komai a duniya sai hannunsa." Auta ta shige.

Malam yana da doka. A ɗakinsa ba a kiran sunan majinyaci, ba a leƙa fuskarsa. Ana kare shi da koren ƙyalle, a bar wurin da za a gyara kawai a fili. "Wanda ya kalli fuska, hannunsa sai ya yi rawa," haka yake cewa. Shi ya sa kowa ke cewa mai hannu. Wannan mai hannun kuwa taurin kai gare shi, ya ƙi allurar barci, sai hannun kaɗai aka kashe masa.

Likitan ƙashi ne ya fara, wanda suke tsokana da Maƙeri. Ya wanke garin katako daga raunin, ya daidaita ƙashi, ya soka waya biyu, ya haɗa jijiyoyin motsi. Maƙerin da bakinsa ba ya hutawa, yau ko tari bai yi ba. Likitan fata, wanda suke kira Tela, ya harɗe hannu yana jiran nasa lokacin.

Auta ta zauna a kan kujerar da Malam ya sassaƙa da kansa, ta kafa ido a madubin ƙara girma. Aka karkata allon da ke nuna abin da take gani yadda Malam zai bi kowane ɗinki.

Nan ta ga matsalar. Injin ya tauna jijiyar, bakin biyu ba za su haɗu ba. Dole a ciro wata daga damtse a yi gada.

"Ba a nemi izinin mai hannu a kan wannan ba," in ji Tela.

"Ya yarda," muryar Malam ta katse shi. "Yanka."

Ɗinki takwas a sama, takwas a ƙasa, da zaren da numfashi ma kan iya kaɗa shi. Ta gama, ta saki matsewar da ta tare jini, ta jira. Yatsan yana nan fari fat kamar toka.

Na'urar bugun zuciya ta ƙara sauri. Mai allurar barci ya yi gyaran murya, ya ce jinin mai hannu yana hawa.

"Ɗinki na biyar," Malam ya ce. "Kin kamo bangon baya, kin rufe hanya."

Gaskiyarsa ce. Zufa ta gangaro mata ta cikin hula. A ranakun baya, da tuni ya ce mata tashi, ya karɓi allurar, ya gyara yana mita. Ta jira kalmar nan kamar mai ƙishi. Bai ko motsa daga inda yake ba, sai ta ji haushinsa ya kama ta.

Ta warware, ta sake ɗinkawa. Awa ta biyar ta shiga. Ta saki matsewar, yatsan ya ɗan yi ja, sannan ya koma yadda yake. Maƙeri ya sunkuyar da kai.

"Ya isa haka," Malam ya ce, muryarsa ta yi ƙasa. "Tela ya rufe wurin. Mutane suna rayuwa da yatsu huɗu."

Shekara shida ba ta taɓa musa masa ba. Amma ta tuna matar da ke zaune a waje.

"Malam, a ɗakin nan mai riƙe da allura shi ke da magana. Kai ka koya mana."

Ta buɗe ɗinki biyu, ta ga ɗan gudan jini ya toshe bakin gadar. Ta zaro shi, ta wanke, ta rufe. Hannunta bai yi rawa ba, ita kanta ta yi mamaki.

Jan ya faro daga tushe, ya hau a hankali har ƙarƙashin farce. Ta tsira allura a kan yatsan, jini ya ɓullo ja wur. Maƙeri ya saki hamdala da ƙarfi, Tela ya matso da kayansa.

Auta ta miƙe. Ta zagaya, ta karya dokar da ba ta taɓa karyawa ba, ta yaye koren ƙyallen. Yana kwance, idonsa na kan allon, hawaye na bin gefen kunnensa.

"Malam," ta ce, "yatsanka ya dawo."