Ranar da Shafin Ya Ce An Gama

Tun da safe shafin da ke kwamfuta ya yi shiru, kuma Shugaba ta ce ba za ta karya kumallo ba sai an gyara shi. Duk wanda ya san Shugaba ya san ba ta magana biyu.

Injiniya ta ja kujera, ta kauce wa kofin da shayi ya bushe a cikinsa a teburin da ke kusa da nata, ta buɗe kwamfuta. Aikin ba shi da wuya a ido. Muryoyi ne da aka naɗa a jere, kowace safiya a danna maɓalli, shafin ya miƙo ɗaya. Shi ne masu rubuta manhaja da JavaScript ke kira itareta: ka ce masa next, ya ba ka na gaba, in kaya sun ƙare ya ce done, an gama.

Yau ya ce an gama. An danna, an sake dannawa, ko tari bai yi ba.

Kallo ɗaya ta gane hannun abokin aikinta. Maimakon jerin ya riƙa ba da sabon itareta duk lokacin da aka nema, sai ya sa shi yana miƙa kansa. Irin wannan sau ɗaya yake tafiya, in ya kai ƙarshe ba ya komawa farko.

"Kai dai ba ka jin magana," ta ce wa kujerar da ba kowa a kai. Shekara da shekaru tana gyara masa wannan kuskuren, shi kuwa sai dariya, wai ai shi ya sa yake da ita. Wannan karon dai ta yi masa uzuri. A kwance ya rubuta, yana jinya, da hannu ɗaya.

Gyaran kaɗan ne. Ta rubuta, sai yatsanta ya ƙi dannawa. Ba zai ƙara murya ko ɗaya ba. Farko kawai zai koma, ya yi ta zagaye. Zuciyarta ta karye, ta share ido da gefen mayafi.

"An gyara?" in ji Shugaba daga bakin ƙofa.

Injiniya ta danna. Muryar abokin aikin nata ta cika ɗakin da ƙarfinta na farko, tun kafin tari ya cinye ta: "Ina kwana, Shugabata? Kin wanke baki kuwa?"

Shugaba ta yar da 'yar tsanarta, ta ruga ta rungume allon. "Mama, kin ji? Baba ya warke! Tashi mu je maƙabarta inda aka rufe shi mu ɗauko shi."