Marini da Ƙunshin Gwaggo

Tunda an gayyace ka taro a ƙasar waje, har dangi sun fara sintiri a ƙofar gidanka, zauna ka ji abin da ya sami wani marini. Ni dai har yau in na tuna, haushi nake ji.

Mutumin nan a marina ya tashi, a nan ya yi furfura, hannunsa ya rine da baba har sabulu ya sallama. Wata shekara masu shirya taron sana'o'in hannu a wata ƙasar Turai suka gayyace shi, suka ce ya zo da aikinsa, za a ba shi tebur ya baje wa masu saye daga ƙasashe. Dama ce da ba ta zuwa sau biyu, ga shi marinar tasu ta kama hanyar mutuwa, ramuka da yawa sun bushe. Ya duƙufa ya rina turame, ya kai mabuga aka buge su har suna ɗaukar ido, ya ninke ya jera a akwati. Masu taron suka ja masa kunne a waya: kada akwati ya wuce nauyin da aka yanka, kada ya ɗauko nama ko wani abu na nono, kada kuma ya karɓi kayan da bai ga cikinsa ba. Ya ce ya ji.

To, amma ka san halinmu. Labari na bazuwa, sai ga saƙo. Wannan ɗansa na can, wancan ƙanwar matarsa na aure a can, kai ka ce Turai unguwa guda ce da za ka bi gida-gida kana miƙawa. Daddawa, kuka, busasshiyar kuɓewa, kowa ya zo sai ya ce ai ɗan abu ne, ba nauyi. Marini ya buɗe baki zai ce babu wuri, kunya ta riƙe masa harshe, sai ya ce ba komai. Ana gobe tafiya gwaggonsa ta iso da wani ƙunshi a leda, ɗaure tamau da tsumma, na jikanta mai karatu. Ya tambaya cikin ladabi ko mene ne a ciki. Ta ce yaji ne, ko kuwa yanzu ya yi girman da zai binciki kayanta? Ya sunkuyar da kai, ya cusa ƙunshin a tsakiyar turamensa.

A filin jirgi sikeli ya nuna akwati ya yi nauyi. Mai hankali saƙon zai sauke. Shi kuwa, da yake masu rakiya na tsaye, kowa idonsa a kan nasa ƙullin, sai ya zare rabin turamensa da rigar sanyinsa, ya miƙa a koma da su gida. Ka ji fa! Abin da aka kira shi dominsa shi ya rage, ya bar wa kuka da daddawa wuri.

Da suka sauka, jami'in kwastan ya tambaye shi ko akwai nama a kayansa. Ya ce babu, da zuciya ɗaya, don bai san da shi ba. Bai rufe baki ba karensu ya zo ya sansana akwatin, ya zauna daram a gabansa. Aka ja shi wani ɗaki, aka shiga kwance ƙulli ɗaya bayan ɗaya, ana tambayarsa wannan mene ne, wancan na wane ne. Shi ga ƙarancin harshe, ga rashin sanin abin da ya ɗauko, sai zufa yake yi a garin da ake sanyi. Da aka yanke tsumman gwaggo, sai ga kilishi jibgi guda, da gorar man shanu wadda murfinta ya saki. Tun a zafin filin jirginmu man ya narke, ya bi turamen nan ninki bayan ninki, ya kashe ƙyallin kaf. Aka ƙwace saƙon duka, aka yi masa faɗa irin na wanda aka kama da ƙarya, ba a sake shi ba sai da yini ya tafi. Ya fito ba rigar sanyi, haƙoransa na kaɗawa.

Washegari ya tsaya bayan teburinsa da abin da ya saura. Masu saye suka riƙa zuwa, su ɗaga turmi, su ga tabon maiƙo, su sansana yatsunsu, su yi masa murmushin ladabi, su wuce tebur na gaba. Aikin da ya ci ƙarfinsa, da fatan marina guda, ga shi nan yana warin man shanu. Yana nan tsaye sai waya ta yi ƙara, ya ɗauka, ashe gwaggo ce.

"Yaron nan ya ce har yanzu bai ga saƙo ba. In cinye kilishin ka yi, ka faɗa mini, ba na son rashin amana!"

Ka san abin da bawan Allahn nan ya ce? Ya ce, "Ki yi haƙuri, Gwaggo."

Saboda haka kai mai tafiya, akwatinka naka ne. Abin da ba ka buɗe ka gani da idonka ba, ko na wanda ya goya ka ne, ka ce a'a, a yi fushin a huce kafin ka dawo. Hausawa sun gama magana da suka ce, kunyar marar kunya asara ce.