Allura Ɗari Tara da Talatin da Tara

Sandar farko a ƙeya ta sami Ɗangiwa ɗan kabu-kabu, ta biyu ta karya hannun da ya ɗaga zai kare fuska. Ko da Asiya ta sauko daga motar Kebbe, tashar Tambuwal ta cika maƙil, an ja shi a ƙasa har bakin kwata, jini ya rine masa gaban riga.

Kwana huɗu ke nan da aka tsinci yayanta Dawuda a mace a gefen hanyar Kebbe da la'asar, sara uku a wuya da kafaɗa. Babur ɗinsa na kwance kusa da shi, ba a taɓa ba. Kwalin da ya ɗauro daga Sakkwato ne kawai babu.

Ita ta aike shi. A shekarar kuɗin mai sun gangaro har ƙananan hukumomi, aka ce duk mai kwamfuta a yankin shi za a ba aikin shigar da sunayen ma'aikata. Asiya, da ta gama karatun kwamfuta bara, ta ce ba za ta sayi haɗaɗɗiya ba, da hannunta za ta haɗa tata. Wata guda tana rubutawa tana sokewa: wannan allon da ake dasa kayan ciki a kansa da wannan faifan ajiya, wannan akwatin wutar zai ɗauki nauyinsu ko ba zai ɗauka ba. Yarinya ce mai tsantseni. Ko a makaranta, duk kayan da ta gwada ta ga ya mutu sai ta karce masa harafin sunanta da allurar ɗinki, don kada ta sake ɓata lokaci a kansa.

Firosesa ce ta fi ba ta wahala, ƙwaƙwalwar na'urar, 'yar abar da ba ta kai akwatin ashana ba. Ƙasanta allurai ne reras, kuma in ramukan allon ba su zo daidai da su ba, ba za ta zauna ba ko da guduma. Ta zaɓi mai allura ɗari tara da talatin da tara, tsohon yayi amma mai ƙarfi da araha. Saura ɗaya tak a hannun wani dillali a Sakkwato, ita da allonta.

Kafin Dawuda ya tafi ta kai takardar jerin kayan wurin Shaihu, abokinsa tun firamare, mai shagon buga takardu a bakin tasha. Tsarin kwamfutarsa ta kwaikwaya, duk da tasa ta kwanta tun damina, ita ma ta duba masa bai yiwu ba, ya lulluɓe ta da zane. Ya karanta, ya yaba, har ya ba Dawuda shawarar ranar da hanya ta fi sauƙi.

Da abin ya faru, Shaihu ya fi kowa kuka. Shi ya kama makara. Shi ya bugo takardun sanarwar addu'ar uku ya raba masallatai, da sunan Dawuda cikin manyan baƙaƙe. Yau da hantsi kuma shi ya ja matasa zuwa bayan rumbun Ɗangiwa, suka zaƙulo kwalin daga cikin kara.

Yanzu wani ya gangaro da tsohuwar taya ya jefa wa Ɗangiwa a wuya. Mutumin na rantsuwa da bakin da haƙora biyu suka fita cewa bai taɓa ganin kwalin ba, wani ya amsa masa da dutse. Shaihu na tsaye a kansa da jarkar fetur, ido jajur.

Sarkin tasha ya shiga tsakani da ƙyar, ya ce ba wanda zai kyasta ashana sai ƙanwar mamacin ta shaida kayan. Aka aje mata kwalin bisa bencin mai shayi.

Ta fiddo takardarta daga jaka. Allo, shi ne. Faifai, shi ne. Akwatin wuta, fanka, igiyoyi, komai na nan kamar yadda ta rubuta. A gefen kwalin akwai busasshen jini, shatin yatsu huɗu. Ta ji ba abin da take so a duniya irin ta ji ihun mutumin nan cikin wuta.

"Ƙanwata, ba su ne ba?" in ji Shaihu. "Faɗi mu gama da shi."

Saura firosesa. Ta zare ta daga soso, ta ɗora a ramukan allon, ta zauna daram. Taron ya ɗauki kabbara. Shaihu ya kwance murfin jarkar, warin fetur ya bugi hanci.

Sabo ne kawai ya sa ta sake ɗago ta, ta karkata ta wajen rana, ta goge bayanta da babban yatsa. Ta daɗe tana kallo.

"Baba," ta ce wa sarkin tasha, "ku cire wa Ɗangiwa tayar nan. Ku aika a ɗaga zanen da ke shagon Yaya Shaihu, a gani da mi ya buga takardun addu'a."

Jarkar ta kuɓuce daga hannun Shaihu ta faɗi, fetur ya malale bisa takalmansa. A kusurwar firosesar, kusa da wani ɗan tabon ƙuna, akwai ƙaramin harafin A da Asiya ta karce da allurarta tun damina, ranar da ta ciro ta matacciya daga kwamfutar Shaihu. Sabuwar da Dawuda ya sayo kuwa, a gurbin wannan take, ƙarƙashin zanen.