Moɗar da ke Yin Ja

Famfo aka yi wa Unguwar Tudu alkawari, amma moɗa aka raba musu, wadda ke yin ja in ruwa na ɗauke da taifot. Masai kuwa yana nan gindin kowace rijiya.

Asabe ta zaga rijiyoyin unguwar kaf, ko'ina moɗar ta yi jawur. Ga 'yarta Kande kwance leɓe a bushe, babu ko itacen tafasa ruwa.

Ta leƙa maƙwabta.

"Iya Gambo, taki ma ja take yi?"

"Ke, tawa tun bara gishiri nake ajiyewa ciki. Da ƙwarya muke sha, hankalinmu kwance."

Ta bayan katanga, Kande ta sake kiran ruwa.

Asabe ta sunkuyar da kai. "Iya, ara mini ƙwaryar."